Zuwa Ga Bawana Bazazzagi: Matar Fa Ta Bi Mai Biredi

Bazazzagi bawan Kanawa, ina gajiya, ina kuma fate? Labari ya iso mana har Kasuwar Kurmi cewa tun da ka ɗauki buroshi ka ce kai mai zane ne, sai uwargida ta yi sallama uku kafin ka ɗago kai, tuwon dare kuma sai ya zama ɗumame kafin ka taɓa shi. To na samo maka ɗan'uwa a Faransa. Gyara zama ka ji yadda tasa ta kaya.

Faifan wani wasan daɓe na kalla, irin wanda 'yan wasa ke rera rabin zancensu da waƙa. Sunansa Sunday in the Park with George, wato yinin Lahadi a wurin shaƙatawa tare da Joj. Stephen Sondheim ne ya tsara kiɗa da waƙoƙin, James Lapine ya rubuta labarin. An buɗe shi a Broadway ta birnin Niyok a 1984, shekara na zagayowa ya ci kyautar Pulitzer. Na san za ka ce me ya kai Bakano kallon abin da ba a sa masa farashi ba. Yi haƙuri, ai a ƙarshe mu muka ci riba.

Joj ɗin nan mutum ne na gaske, Georges Seurat, ana kiran sunan Sura. An haife shi a Faris a 1859. Ya kwashe shekara biyu, daga 1884 zuwa 1886, a kan zane guda mai tsayin kusan mita biyu da faɗin mita uku: mutanen Faris sun fito shan iska a wani tsibiri na kogin Sen, masu lema da masu malafa, ga karnuka, har da wata mata riƙe da biri a igiya. Bai yarda ya dama launuka kamar yadda kuke dama kunu ba. Ɗigo yake sa wa kusa da ɗigo, shuɗi nan, ruwan ɗorawa can, ya bar wa idon mai kallo aikin haɗawa. In ka matso, tsaba kawai za ka gani. Sai ka ja da baya mutane su fito. Aikin haƙuri ne irin na masu ɗinkin babbar riga na cikin birninku, allura bayan allura. Zanen yana Shikago yanzu, jama'a na tururuwar ganinsa.

Abin da ya kama ni shi ne kiɗan ma ɗigo ne. Duk lokacin da Mandy Patinkin, wanda ya fito a Joj, ya dangwala buroshi, sai ka ji sauti gajere, tsit, tsit, kamar kaza na tsattsagar gero. Marubutan kuma suka ƙirƙiro masa masoyiya suka raɗa mata suna Dot, ma'anarsa ɗigo. Bernadette Peters ce ta fito a matsayinta. Tun a fitowar farko ya tsayar da ita cikin rana da kaya masu nauyi yana zana ta, gumi na tsatso mata, shi kuwa hasken da ke sauka a kafaɗarta ne damuwarsa. Ya yi mata alkawarin fita, ta ci kwalliya, sai ya ce akwai wata malafa a zanen da bai ƙarasa ba. Wannan bai yi maka kama da wani gida a Tudun Wada ba?

Ga inda nake so ka buɗe kunne. Da Dot ta gaji, ga juna biyu, ba wani mai zanen ta nema ba. Louis ta bi, mai gasa biredi, suka tafi Amurka. Mutumin da ke tashi da asuba, ya hura wuta, ya sayar, ya dawo gida da cefane. Rantse ka ce wannan ba Bakano ba ne da aka haifa a Faransa bisa kuskure! Da a Jakara yake, gurasa zai gasa.

Sai dai, don kada ka ce na yi son kai, wasan bai tsine wa Joj ba. A ƙarshen kashi na farko, mutanen tsibirin na ta cacar baki, sai ya tsayar da su, ya jera kowa a gurbinsa, har dandalin ya koma zanen nan sak, muryoyi suka haɗu suka tashi tare. Ni da ba na kuka sai an yi mini asara, sai da na share ido. Mutumin da ya kasa gaya wa mace yana son ta da baki, ya tsayar da ita a gaban zanensa inda duniya za ta yi ta kallonta. Seurat na gaske ma haka ya yi ta ɓoye Madeleine Knobloch da ɗan da ta haifa masa, danginsa ba su sani ba sai dab da rasuwarsa a 1891, yana da shekara 31 kacal.

Kashi na biyu ya tsallaka shekara ɗari, inda tattaɓa kunnen Joj na wasan, shi ma Joj, ke ƙera na'urar haske yana bin masu kuɗi da murmushi don su ɗauki nauyin aikinsa. Nan kam ban buƙaci tafinta ba. Fasaha ma sai da jari, abin da muka daɗe muna gaya muku ke nan.

Na san abin da za ka fake da shi: Zariya ce ta yaye su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Uche Okeke, waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958. Gaskiya ne, na sara musu. Amma kai fa? Seurat ya rasa mace a wasan, ya bar zanen da ake biyan kuɗi a gani. Kai kana neman kwaikwayon rabin farko alhali dokin da ka zana wancan watan, yara sun ce akuya ce.

Shawara kyauta, kuma ka san Bakano bai saba ba da kyauta ba: ka yi wa allon zanenka abin da zanen Seurat ke so a yi masa. Ja da baya taku goma. Daga can za ka ga ko doki ne ko akuya, kuma daga can ne za ka hango baiwar Allah a bakin ƙofa riƙe da kwanon fate tun yana tururi. Karɓi kwanon ka ce sannu da aiki. In kuwa ka ƙi, ka dai ji yadda aka yi a Faris, kuma masu gurasa ba su ƙare a Kano ba.

Naka, ubangidanka na bakin Kurmi.