Idan Bawul Ya Cije a Rayfield

A Amurka akwai motocin yawon shaƙatawa masu gado da kicin da bayan gida a ciki, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke hana masu su sakat shi ne bawul ɗin tankin ƙazanta in ya ƙi motsi. Irin waɗannan motoci ba a cika ganin su a Jos ba, amma ciwon yana nan, sai dai a jikin wata motar: motar zuƙar masai. Rayfield unguwar manya ce, ga gidan gwamnati, ga filin golf da ake bugawa tun 1913, ga tafkin da haƙar kuza ta bari. Duk da haka galibin gidajenta da sokawe suke aiki, kuma sokawe ba ya duba muƙamin mai gida kafin ya cika.

To, mota ta zuƙe, tanki ya cika, bawul ɗin baya mai faɗin inci uku ko huɗu ya ce ba shi ba buɗewa. Abin farko da direba mai hankali zai yi shi ne korar 'yan kallo. A cikinsu ba a rasa wanda ya taɓa aikin famfo, da mai ƙanin da ke sayar da kayan mota a Dilimi, kuma kowa da guduma a bakinsa. A gode musu, a nuna musu inuwa can nesa. Mai farar shadda a ƙara masa nisa.

Sannan a kashe injin zuƙa, a saki iskar da ke cikin tankin. Wannan shi ne rabin aikin, kuma shi aka fi mantawa. Tankin da iska ta matse yana danne harshen bawul a mazauninsa, ko ƙato uku ne suka rataya a hannun ba zai motsa ba. In kuma ya motsa da ƙarfin tsiya, wanda ke tsaye a gabansa ne zai ba da labari, bayan wanka na uku. Saboda haka gefe ake tsayawa, kuma a ɗaura mesa tukuna.

Kada kowa ya kunna sigari a wurin, domin iskar masai tana kama wuta. Akwai kuma wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda in ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi alhali tana gab da kayar da shi. Ba a leƙa kai cikin tanki ko ramin sokawe, ko da waya ce ta faɗa.

Me ke cije bawul? Busasshen laka, tsatsa, da abubuwan da mutane ke jefawa a masai ba kunya: ledar fiya wata, tsumma, kunzugun jarirai na zamani. A Jos akwai ƙarin sanyi. Garin yana bisa tudu sama da mita 1,200, kuma da asubar hunturu giris yakan daskare, robar bawul ta yi tauri, ƙura ta zauna a sandarsa. Maganin ruwan ɗumi ne da Omo, a kwarara a kai, a dakata. A nan yaron mota zai fara cewa, "Oga, a bar ni da shi." Kada a bar shi da shi. Shi ne zai zura dogon bututu a hannun bawul don ƙarin ƙarfi, hannun ya karye, aikin rabin sa'a ya koma tafiya Bukuru neman sabo, ga tanki cike yana jira a rana.

Da katako ake ƙwanƙwasa jikin bawul, a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai. A ja hannun kaɗan, a mayar, a sake ja. A fesa WD-40 a kan sandar ƙarfe kawai. Kananzir da baƙin mai suna kumbura wasu robobi, bawul ya daɗa cijewa. Roba giris ɗin silikon take so.

Bawul ɗin da ya buɗu ya ƙi rufuwa ya fi muni, don shi ke zana layi a kan kwalta tun daga Rayfield har hanyar Bukuru. Yawanci leda ce ta maƙale a ramin harshen. A bar tanki ya zube tas, a kora ruwa, a zaro ta da waya, hannu cikin safa.

Inda za a zubar kuma ba zaɓin direba ba ne. Kududdufan kuza suna da jan hankali da daddare, amma da ruwansu masu lambu ke ban-ruwan kabeji, latas da karas ɗin da ake lodi zuwa Abuja. A tambayi hukumar tsaftar muhalli ta jiha, PEPSA, wurin da ta amince. Bayan juyewa a wanke bawul nan take tun laka na ɗanye, a shafa masa giris, a buɗe a rufe sau biyu kafin a tada mota.