Keken Barselona Ba Ya Zubar Da Girma

Akwai wani irin mutum a cikinmu wanda in ka ba shi shawarar ya hau keke daga gidansa zuwa masallacin Juma'a, to ka ƙulla gaba da shi ke nan har 'ya'ya da jikoki. A wurinsa keke na mai gadi ne da mai tallar burodi. Ko katin waya zai saya a bakin layi sai an tayar da mota. Amma bari jirgi ya sauke shi a Barselona, can gaɓar Bahar Rum a ƙasar Sifaniya. Kafin kwana biyu za ka gan shi a WhatsApp bisa sirdi, hular kwano ta danne zanna bukar, a ƙasan hoton an rubuta "motsa jini".

Keken ma na haya ne. Hayar keken da ya bari tun yana ɗan firamare, zamanin da ake ba da 'yan kwabbai a zaga unguwa sau biyu mai keke na binka da harara, ita ce yau ya koma yi da Yuro. Da farko jajayen kekunan da ke jere a bakin titi ya nufa, waɗanda ake kira Bicing, da hukumar birnin ta zuba tun 2007. Ya ja, ya girgiza, keke ya ce bai san zancen ba. Na mazauna gari ne masu rajistar shekara, da su suke zuwa aiki su dawo. Baƙo sai dai ya nemi shagon haya. Alhaji, wanda rabonsa da jin kalmar "ba naka ba ne" tun kafin ya yi kuɗi, ya haɗiye ta da ƙyar.

A shagon aka haɗa shi da ayari. Jagora a gaba, mutanen Amurka da Jamus da Japan sun yi layi a bayansa kamar 'yan agwagi bayan uwarsu, Alhaji da Hajiya na can ƙarshe. Jagora na ta zuba tarihi, ba mai saurare. Kowa hannu ɗaya a kan keke, ɗayan ya ɗaga waya, ana ɗaukar bidiyon garin da za a kalla in an koma gida. Tun ba a yi nisa ba sarƙa ta cafke bakin babbar riga, don Alhaji ya rantse ba zai sa matsattsen wandon nan na 'yan tseren keke ba. Nan kam na goyi bayansa.

Sai aka gangara Barseloneta, bakin teku. Kafin wasannin Olamfik na 1992 yawancin gaɓar nan masana'antu ne da layin dogo, birnin ya juya wa teku baya. Aka rushe, aka share, aka kawo yashi daga wani wuri aka zuba. Mu da yashi ke binne mana gonaki a Yobe da Damagaram, ga namu ya biya kuɗin jirgi yana ɗaukar hoton yashin da aka yi dakonsa. Babbar jarrabawar dai ba nan take ba. Masu shan rana sun baje, suturar kowa ba ta kai hankici ba. Alhaji na istigfari yana kau da kai, shi kuwa keke inda ido ya bi nan yake bi. Sau biyu yana hawa kan dakalin masu tafiya a ƙasa.

"Alhaji, ka dubi gabanka mana!" in ji Hajiya daga baya.

"Gaban ne ba ya dubuwa, Hajiya."

A cocin Sagrada Familia hankalinsa ya dawo. Da jagora ya ce tun 1882 aka fara ginin kuma har yau magina na kai, sai ya juya ya ce, "Kin ji ko? Ke da kike damuna da gidan Abuja." Jagora ya ci gaba da labarin Antoni Gaudi, mai zanen ginin, wanda jirgin cikin gari ya buge a 1926. Saboda tsummokaran da ke jikinsa aka ɗauka almajiri ne, aka yi jinkirin kai masa ɗauki, daga baya aka kai shi asibitin talakawa, can ya cika. Alhaji ya girgiza kai ya ce Turawa ba su da tausayi, suna auna mutum da tufafinsa. Wannan fa mutumin da ba ya amsa sallamar wanda bai sa shadda ba.

Su kuwa masu garin sun gaji. A lungunan tsohuwar unguwar Gotik, inda mutum biyu ke gogar kafaɗa in sun haɗu, tsohuwa na jan kwandon cefanenta sai ta ji ƙararrawa goma sha a bayanta, kowa na neman ta matsa masa a ƙofar gidanta. Kuɗin hayar gida ya yi tashin gwauron zabi saboda an mayar da gidaje masaukin baƙi. A watan Yulin 2024 har zanga-zanga suka yi, wasu na fesa wa 'yan yawon buɗe ido ruwa da bindigogin wasan yara. Da Alhaji na wurin a zafin nan, na tabbata godiya zai yi, ya ce mutanen kirki ne masu karrama baƙo.

Tudun Monjuwik ne ya raba gardama. Alhaji, da yake ɗan ƙungiyar ƙwallon Barsa ne na gani-kashe-ni, ya dage sai ya hau tudun ya ga filin da ƙungiyar ta koma wasa a 2023 da aka fara gyaran filinta na Camp Nou. Ana cikin hawa wata tsohuwa Bajamushiya ta wuce shi tana murza feda tana murmushi. Ya sauka ya waiwaya hagu da dama yana neman yaron da zai tura masa keke ya ba shi na goro. Babu. Haka ya tura abinsa da kansa, yana haki, rigar da sarƙa ta yaga na jan ƙasa.

Da dare hoto ya hau intanet. Saƙonni suka yi ta shigowa daga gida, "Allah ya ƙara lafiya, ranka ya daɗe", "Wallahi kamar ɗan shekara talatin". Shi kuwa yana kwance rubda ciki a otal, don zama ya gagara, yana karantawa ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya, duba jakar nan ko kin taho da man zafi. Kuma ki goge hoton da nake turin nan."