Yadda Za Ka Sasanta Muryar Mama da Tulu a Kwamfutarka

Daga tsakiyar Nuwamba, duk yaron da ke da laftof da makirfo ɗaya a Kagoro sai an bi layi kafin a gan shi. Kirsimeti na tafe, bayanta ga bikin Afan ranar 1 ga Janairu, kowa yana so waƙarsa ta shiga wayoyin mutane kafin 'yan Kaduna da Jos da Abuja su dawo gida hutu. Matan Zumunta za su zo da zani iri ɗaya, da tulu, da caki. Matasan kwaya za su zo da jita. Ɗaliban makarantar tauhidi ta ECWA, wadda ke nan tun 1931, su ma ba a barinsu a baya. A ɗauka, a yi addu'a, a watse. Da dare ka kunna, sai ka ji baitin farko kamar daga cikin rijiya, amshi kuwa ya auko maka kamar dutse ya gangaro daga kan tsauni. Ka ƙara murya, kunne ya yi zafi. Ka rage, Mama mai bayar da waƙa ta ɓace.

Ƙanena, kafin ka ɗora wa kwamfuta laifi, ka tuna ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan wannan hawa da sauka a cikin ɗakin aka haife shi, tun sauti bai shiga waya ba.

Fara da ƙafafun mai bayar da waƙa. Mamar Zumunta ba ta waƙa a tsaye kamar sanda, kuma kada Allah ya nuna mana ranar da za ta yi haka. Waƙa na shiga jikinta sai ta fara rangaji, ta juya ta kalli 'yan amshi, ta ɗaga hannu sama, ta dawo. Makirfo kuwa ɗan lissafi ne: duk lokacin da tazarar baki ta ninka, sauti yana faɗuwa da kusan desibel 6. Idan ka tsayar da ita a santimita 10 ta ja baya zuwa 20, desibel 6 sun tafi. Ta kai 40, sun zama 12, daga nan ne rijiyar nan ta samo asali. Maganin shi ne ka ɗan nisantar da ita tun farko. Daga santimita 30, in ta yi rangajin santimita 10, abin da za ka rasa bai kai desibel 3 ba. Ka samo alli ka zana da'ira a ƙasa, ka rusuna ka ce, "Mama, don Allah a yi rawar a cikin nan." Na taɓa faɗa wa wata dattijuwa haka, ta dubi allin, ta dube ni, ta ce, "Ɗana, shekara talatin ina yabon Ubangiji ba a zana mini iyaka ba." Ta yi dariya, ta shiga da'irar, kuma ɗaukar ranar ta fito sumul.

'Yan amshi ma akwai tsari. A kowace ƙungiya akwai wata baiwar Allah da muryarta za ta iya kiran mutum daga kasuwar Kafanchan ba tare da waya ba, kuma kullum ita ce ke son layin gaba. Ka girmama ta, ka ce irin muryarta ce ke riƙe layin baya, domin gaskiya ce. Masu sanyin murya su matso gaba. Tulu kuma, wanda bugunsa ɗaya ke tura ma'aunin sauti zuwa ja, a kai shi gefe, a ɗora shi a kan gammo, kada ƙugin ya biyo siminti ya hau ƙarfen makirfo. In akwai hali, a ɗauki tulu da caki daban, muryoyi daban.

Sai maɓallin ƙarfin shiga, wanda ke jikin akwatin sautin da 'yan situdiyo ke kira sawun kad. Kada ka gwada shi da "gwaji, ɗaya, biyu." Babu wanda ke faɗin ɗaya-biyu da muryar da zai yi Halleluya da ita. Ka ce su rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, da dukan zuciya, ka murɗa har ƙololuwar ta tsaya tsakanin desibel -12 da -6, sauran waƙar tana yawo wajen -18. A kwamfuta sifili ne rufin ɗaki. Sautin da ya buga kansa a rufin ya fashe ke nan, ba ya ɗinkuwa. Wanda ya yi ƙasa kaɗan kuwa ana iya ɗaga shi daga baya, musamman in ka ɗauka a bit 24. Amma kada tsoron ja ya sa ka shaƙe shi gaba ɗaya, don in ka zo ɗagawa za ka ɗago har da shuuu ɗin da ke ƙarƙashinsa, waƙa ta koma kamar a bakin ruwan Matsirga aka yi ta cikin Agusta. Ka saita sau ɗaya, ka ɗauke hannunka. In akwai aboki mai ƙaiƙayin yatsa a kusa, ka ba shi gyaɗa ya ɓare.

Kwamfutar ma tana da nata karambanin, na son taimako ba a roƙe ta ba. Windows yana da saitunan gyaran murya da aka yi domin kiran waya: in ya ji shiru ya ɗaga, in ya ji ƙara ya danne, in ya ji dogon sautin jita ya ɗauka hayaniya ce ya share. Ka shiga saitin sauti ka kashe su duka, har da ƙarin ƙarfin makirfo mai +10 da +20 da +30. Akwai kuma wurin da yake rage sauran sautuka da kashi 80 cikin 100 da zarar ya ji kira ya shigo. Shi ke sa kiɗa ya nutse a kunnen mawaƙi ana tsakiyar baiti, shi ma ya sassauta murya bai sani ba. Ka rufe WhatsApp na kwamfutar kafin a fara.

In kuma murya tana fita ta kunnen hagu kaɗai, ba aljanu ba ne. Makirfo ɗaya ka ɗauka a layin da aka tanada domin biyu. Mayar da shi mono.

Wuta da ruwan sama, su sai lallashi. In ka ji wani gurnani siriri a ƙarƙashin komai, yawanci na wutar lantarki ne, wadda a ƙasar nan take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Cire cajar laftof ka yi aiki da batir, sau da yawa nan take zai yi shiru. Janareta a kai shi bayan gida da doguwar waya. Damina a gindin dutsen Kagoro kuwa kowa ya san ta: ruwa na sauka a kan kwano, ka dakatar da ɗauka, a dafa masara a jira. Bargo da katifa a jikin bango suna rage amsa-kuwwa sosai, amma ba su hana zakaran maƙwabci shiga baiti na uku, shi sai ka koyi lokutansa.

Bayan an watse ne aikin hannu yake farawa. Ko FL Studio kake amfani da ita, ko Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta fito a 2000 kuma har yau kyauta ce, hanyar ɗaya ce. Da yawa suna gudu wurin nomalayiz suna zaton zai daidaita komai. Shi abin da ya iya kawai ya ɗaga waƙar gaba ɗaya, dogo da gajere su hau benci ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu tana nan. Ka bi waƙar jimla-jimla da layin ɗaga murya da sauke ta, ka ɗaga inda Mama ta juya, ka sauke inda tulu ya yi fushi. Sannan ka sa kwamfiresa da sauƙi, 3:1, tana danne desibel 3 zuwa 6 a wuraren ƙarfi. A ƙarshe limita ta tsare ƙofa a -1. Neman ƙara fiye da kowa ba ya biya, don Spotify da YouTube suna sauke waƙar da ta cika ƙara zuwa wajen -14 LUFS.

Abin da ya fi damuna shi ne matsewar da ta wuce kima. Waƙoƙinmu na Gworok da Tyap da Jju da Hausa, bayarwa da amshi ne. Mai bayarwa takan sauke murya da gangan a wurin roƙo, don amshin ya taso ya rufe ta kamar ambaliya. Wannan saukar ba matsala ba ce, ita ce waƙar. In ka matse komai ya zama tsayi ɗaya, ka kashe wurin da tsigar jiki ke tashi. Ka gyara inda ƙafa ta jawo, ka bar inda zuciya ta sa.

Kafin ka tura wa kowa, ka huta minti 15, don kunnen da ya gaji komai daidai yake ji. Ka saurara a sifikar waya, da ƙaramar sifikar Bluetooth irin ta masu shago, da rediyon motar da ke jigila tsakanin Kagoro da Kafanchan in direba ya yarda. Daga nan ka ɗauki wayar ka kai wa Mama har gida, ka gaishe ta, ka kunna mata a tsakar gida tana tankaɗe. In ta ajiye rariya ta kama amshi ba ta ce ka ƙara murya ba, ka tura wa sakatariyar Zumunta a daren.