Mutum Tara a Kan Wayarin Kombi Ɗaya

Ranar da aka zo rabon gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kowa kauda kai ya yi daga tsohuwar Kombin da ke jibge a bayan gida, kaji na saka ƙwai a ƙarƙashin kujerarta. Ni da bakina bai iya shiru ba na ce, "Ai da tsohuwar zuma ake magani." Ban rufe baki ba 'yan'uwa suka haɗa murya: "Allah ya sanya alheri, taka ce."

Motar ba ƙaramar mota ba ce a tarihi. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera irinta a Jamus a 1950, a Barazil kuwa ba a daina ba sai ƙarshen 2013, kuma ita ce kakar danfon Legas. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu ruwanta da lagireto. Tamu ta shekarun 1970 ce, kuma da aka zuba mata mai aka tura, sai ga injin ya amsa kamar jiya aka kashe shi. Da na leƙa ƙarƙashin sitiyari ne gabana ya faɗi. Abin da na gani ya fi kama da taliyar 'yar murji da aka juye a faranti: ja, kore, baƙi, wata ta fito ba a san inda ta dosa ba, wata ta je ta dawo ba ta gaisa da kowa ba.

Shekara biyu na yi ina zaryar gareji. A nan na gane kowace waya a cikin taliyar nan hannun wani ne, kuma halinsa na jikinta. Ga su kamar yadda na same su.

Na ɗaya: Mai dairek

Shi wannan ba ya neman ciwo. Ka ce masa fitila ta mutu, zai dubi tulin wayoyin ya ja tsaki ya ce, "Alhaji, wa ke da lokacin bin wannan? Bari mu yi mata dairek." Sai ya jawo sabuwar waya tun daga batir, ya bi da ita ta ƙarƙashin tabarmar mota, ya huda dashbod ya kafa makunni. Tsohuwar wayar da ta lalace yana barinta a inda take, da wutarta, tana jiran ranar da za ta taɓa ƙarfe.

Ƙunshin waya ɗaya gare shi, ja, kuma da ita yake komai. Bayan zuwa uku wurinsa, dashbod ɗina ya koma allon masallacin Juma'a: makunnin fitila, makunnin waifa, makunnin hon, da wani na huɗu da shi kansa ya manta aikinsa. Ya dai gargaɗe ni kada in taɓa.

Na biyu: Maƙiyin fis

Fis ɗin Kombi ɗan guntun abu ne mai tsini kai biyu, da siririn ƙarfe a bayansa. Farin na ɗaukar am 8, jan am 16. Aikinsa ɗaya a duniya: idan wuta ta wuce kima ya ƙone, don kada waya ta ƙone. Wato ɗan sadaukarwa ne.

Maƙiyin fis bai yarda da wannan bayani ba. A wurinsa fis ɗin da ya ƙone rago ne. Idan fari ya mutu ya sa ja, idan ja ya mutu ya ce, "Kayan yanzu ba su da ƙarko," ya ciro takardar azurfa ta kwalin sigari ya naɗe. Idan abin ya yi tsamari ya cusa guntun ƙusa. Kuma a yi masa adalci, ƙusa ba ta taɓa ƙonewa. Motar ce ke ƙonewa a madadinta. Idan ka ce kana jin ƙauri, zai shaƙi iska ya ce maƙwabta ne ke ƙona shara.

Na uku: Mai haƙori

Filayarsa a bakinsa take. Da haƙori yake feɗe waya, ya tofar da robar, ya murɗe kawuna biyu da yatsa kamar mai tufka igiya, ya naɗe da baƙin salatif. Idan salatif ya ƙare, ledar burodi na nan. Bai san zafin Afrilu na narkar da gam ɗin salatif ba, ko kuwa ya sani, tunda a watan Mayu ka dawo.

Na'urar gwajinsa tartsatsi ce. Zai goga bakin waya a jikin mota, in ta yi fat ya ce, "Akwai wuta." Yana yin haka ko a gindin batir, wanda ke fitar da iska mai kamawa in yana caji, ga kuma tiyon fetur a kusa. Wani lokaci da wayar gida yake aiki, mai tagulla ɗaya sanƙararriya. Ita kuwa ta bango ce, ba ta jure jijjiga, shi ya sa ta mota ke da siraran zaruruwa masu yawa. In ka yi magana ya ce, "Oga, waya ai waya ce."

Na huɗu: Mai canji

Wannan ya fi kowa tsafta, ya fi kowa ladabi, ya fi kowa tsada. Kombina ta ɗauki wani hali: da safe ta tashi lafiya, amma in ta yi tafiya ta ɗau zafi na kashe, sai in murɗa makulli in ji ƙas, shiru. Ya saurara cikin natsuwa ya ce, "Batir ne." Aka sayo. Bayan mako ya ce, "Kik ne." Aka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa, inda aka yi katari wani ƙaninsa na da shi. Da abin ya ƙi ya ce, "Dama na yi zargin altanato."

Bai taɓa cewa bai sani ba, bai kuma taɓa maido mini tsohon kayan da ya cire ba. Kullum cewa yake yara sun zubar. Ina kyautata zaton tsohon kik ɗina na nan da ransa a motar wani bawan Allah, an wanke shi da fetur an ce masa ɗan Beljiyam ne.

Na biyar: Direba mai ado

Kafin motar ta kwanta, wani direba ya yi haya da ita, kuma ya bar tarihi. Fitilu masu launi a kewayen gilashi, ƙarin manyan fitilu biyu a gaba, rediyo mai lasifika huɗu, hon mai kukan algaita, duka a rataye a kan siririyar waya ɗaya da Bajamushe ya tanadar wa ɗan ƙwan cikin mota.

Babban aikinsa dai shi ne cire ƙwan jan fitilar caji, wai tana damunsa da daddare. Ga shi kuwa a injin irin na wannan Kombin, fanbel ɗin da ke juya altanato shi ne ke juya fankar da ke sanyaya injin. In jar fitilar ta kama kana tafiya, mai yiwuwa bel ya tsinke, kuma minti kaɗan ya rage injin ya dahu. Ƙari a kan haka, ta cikin wannan ɗan ƙwan altanato ke samun 'yar wutar da yake fara caji da ita. Da cire ƙwai ɗaya ya sallami mai gadi, ya kuma hana ma'aikaci karin kumallo.

Na shida: 'Yan benci

Ba su da mota a garejin, ba su da aiki a garejin, amma ba sa makara. Da an buɗe murfin injin za su taso, hannuwa a baya. Akwai tsohon direban da ke cewa a zamaninsu da ashana da rariyar hannu suke gyara irin wannan a hanyar Fatakwal. Akwai mai cewa a sayar wa 'yan gwangwan a huta. Akwai kuma wanda ya fi su duka daraja a idona, masanin gaibu.

Lokacin da motar ta fara danna hon da kanta duk sanda na karya kwanar hagu, shi ne ya matso ya rage murya: "Malam, motar nan ta daɗe a ajiye. Ka san ba a barin wuri babu kowa." Ya ba da shawarar hayaƙi. Daga baya aka gano hon ɗin Kombi a shirye yake da wutarsa, jira kawai yake a haɗa shi da jikin mota, kuma wayar da ke wannan aikin ta bi ta sandar sitiyari. Robarta ce ta goge. Da aka nuna masa, ko gezau. Cewa ya yi, "To, wa ya goge ta?"

Na bakwai: Injiniyan wayar salula

Ɗan yayata ne, ɗalibi. Ya zo da sabuwar mita a kwali, da taswirar wayarin da ya sauko da ita daga intanet, da bidiyon YouTube na wani Bature da ke gyara tasa Kombin a gareji mai tayil, sanye da safar hannu. Ya yi mana lacca mai kyau: lafiyayyen batir kan nuna volt 12.6, in inji na aiki ya kamata ya kai wajen 14. Duk gaskiya ne.

Sai da ya kwana biyu yana faɗa da taswirar kafin ya lura ta tsohuwar ƙira ce mai gilashin gaba biyu, ta zamanin volt 6, kafin kamfanin ya koma volt 12 a ƙirar 1967. Ko da ta dace ma, taswira na nuna motar da ta fito daga masana'anta ne, ba wadda ta bi ta hannun mutum shida da na lissafa ba. Ranar da aka ce ya kwanta a ƙarƙashin motar ya duba wani abu, sai ya tuna yana da jarrabawa.

Na takwas: Baba

Kowa na faɗin sunansa, kowa na gudunsa, don ba ya sauri kuma ba ya rarrashi. A wata rumfar kwano na same shi, da tabarau ɗaure da zare. Kayan aikinsa ba su cika leda ba: ƙwan fitila da aka liƙa wa waya biyu, sifana, guntun samfefa, dalma. Kafin ya ce uffan ya cire kan batir, na jikin mota tukuna.

Ya leƙa taliyar ya daɗe. Sannan ya ce, "Ɗana, Bajamushe bai yi wannan ba. Shi kowace waya ya raɗa mata suna." Ya shiga nuna mini lambobin da ke jikin makunni da kwayil, waɗanda shekara biyu ina kallo ban gani ba. "30, wutar batir ce kai tsaye, ja ce. 15, wadda ke zuwa in ka murɗa makulli, baƙa ce, kuma wadda ta tafi kwayil ba ta da fis, ka kiyaye ta. 31, at ke nan, mai ruwan ƙasa. 50 ta kik ce. Fara ta babbar fitila, rawaya ta dim. Duk wadda ba ta cikin dangi, baƙuwa ce."

Ya sa yaronsa ya zauna a gaba. Yaron nan, wanda duk garejin ake aike sayen ruwa, shi ne rabin aikin: "Kunna! Kashe! Taka birki! Saki!" Da aka sa siginar dama sai fitilun baya suka hau rawa gaba ɗaya kamar gidan biki. Baba ya ce, "At ne. Wuta in ta je sai ta dawo, in ta rasa hanyarta ta bi ta gidan maƙwabta." Ya goge tsatsar da ke gindin fitilar da samfefa, rawa ta tsaya.

Sannan ya shige ƙarƙashi, ya fito da wata saƙaƙƙiyar tagulla da ke haɗa giyabos da jikin mota, ta yi kore, saura zare kaɗan. Ya ce in ta mutu, wutar kik takan nemi hanya ta wayar kuloci har ta yi zafi. Ya kuma bayyana mini ciwon da na sayi batir da kik da altanato a kansa: batir na can baya kusa da inji, makulli na gaba, motar kuma ta kai mita huɗu da rabi. Wuta ta taso daga baya ta je gaba ta sake komowa baya cikin tsohuwar waya, ta iso a gajiye. Ɗan rile guda ya sa kusa da kik. Ƙas ɗin nan ban sake jin sa ba.

Da ya gama ya wanke hannu da garin katako ya ce, "Na kashe maka wutar yau. Amma robar wayoyin nan ta bushe, ɓera ma ya ci rabonsa. A zare duka a saƙa sabo, mako biyu." Ya faɗi kuɗin.

Na tara: Mai motar

Na yi shiru. Na dubi sama, na dubi takalmina. Sai na ji bakina na cewa, "Baba, ba za a lallaɓa ba zuwa ƙarshen wata?"

Bai amsa ba. Ya sa hannu cikin taliyar ya zaro wata koriyar waya, irin ta cajar rediyo, an murɗe ta da yatsa an naɗe da ledar alewa. Ya ce, "Duk na gane hannun masu aikin nan, wasu ma yarana ne a da. Wannan ce kawai ban san mai ita ba. Wane mara tsoron Allah ne?"

Ni na yi ta, wani dare da ruwa ya tare ni waifa ta ƙi motsi, da niyyar gobe da safe in kai a gyara. Goben ta shekara ɗaya da rabi. Sai a lokacin na tuna Mai dairek ya taɓa tambayata ko a bi wayar daga tushe, na ce sauri nake. Maƙiyin fis ma ya ce in kawo kuɗin fis, na ce babu canji. Laifi tudu ne, na hau nawa na yi shekara biyu ina ƙidaya na mutum takwas.

Na ce, "Wallahi Baba, mutane ba su da kirki."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya miƙo mini wayar ya ce, "Riƙe kayanka. Ka kawo makullin ranar Asabar."