Hula a Duwatsun Shere

Mu Kanawa iyakar saninmu da dutse Dala ce da Gwauron Dutse, Dalar ma matakala aka yi mata. Ni ko ita sai da dafe-dafe nake hawa. Tsani kuwa, in ƙwan lantarki ya mutu a shago, yaro nake turawa. To sai taubashina na Jos ya ce a cikin mutane wai ba abin da ke hawa a wurin Bakano sai farashi. Aka bushe da dariya. Na ce ya sa rana.

Ya sa ta a Disamba, tsakiyar hunturu, don mugunta. Jos kanta tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, duwatsun Shere kuma suna gabas da gari, kimanin kilomita 10, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Sanyin wurin ba ya jin rigar sanyi. Duk da haka na kafa sabuwar hulata zanna bukar, wadda kuɗinta ko uwargida ban faɗa wa ba, tunda an ce za a ɗauki hoto.

Jagoranmu wani saurayi ne Bajare; Shere ai ƙasar Afizere ce, waɗanda muke ce wa Jarawa. Da farko tafiya ce kawai cikin busasshiyar ciyawa, har na fara cika baki. Can muka iso wani falalen dutse mai gangare, faɗinsa bai fi zaure ba, amma daga hagu babu komai sai sarari da shaho yana shawagi ƙasa da mu. Ban taɓa ganin bayan shaho yana tashi ba sai ranar.

Na yi taku kaɗan, gwiwoyi suka ce ba da su ba. Na kwanta rub da ciki, na rungume dutse. Addu'a kuwa babu wadda ban janyo ba, har da ta shiga kasuwa.

"Alhaji, tashi ka tsaya," in ji yaron. "In ka kwanta, nauyinka ya bar ƙafa, takalmi ba zai kama ba. Kwanciyar ce ke sa mutum ya zame. Dubi inda za ka sa ƙafa kawai, bar kallon ƙasa."

Gaskiya ya faɗa, don har na fara sulalewa a hankali. Sai dai kunne ne ya ji, ciki bai ji ba. Taubashi yana gefe ya saita waya yana cewa, "Ɗan kawu, wa ka bar wa shago? A faɗa tun da wuri."

Ana haka sai ga wata tsohuwa da dammin itace, silifas a ƙafa. Ta raɓa ni ta wuce, ta ce, "Sannu da hutawa, Alhaji." Na amsa mata, don ba a ƙin amsa gaisuwa.

Sai iska ta taso ta fige hular. Na gan ta tana gangarawa a kan gefenta kamar tayar da yara ke korawa, ta nufi bakin rami. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ji kaina ina ihu, "Hulata! Ku tare!" Na bi ta a guje, ido a kanta, ƙafa na taka inda ya kamata ba da shawarata ba. Na cafke ta a jikin wata ƙaya, na karkaɗe. Da na waiga, falalen nan duk yana bayana, yaron da taubashi suna can ƙetare baki buɗe.

Daga nan tsoron bai tafi duka ba, amma ya rage murya. Ashe yana buƙatar mutum ya zauna ya saurare shi, ni kuma an ba ni aiki: hannu ɗaya a kan hula, ido a kan taku na gaba. Haka muka kai sama, Jos ta baje a ƙasa cikin hazo.

Saukowa ba wanda ya gaya mini ta fi hawa wuya. Da mazaunai na yi ta, wandon shadda ya biya kuɗin. A mota taubashi ya ce wannan karin kumallo ne, baɗi sai Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya. Na ce zan duba, amma baɗi kasuwa za ta yi yawa. Kafin mu shiga gari bidiyon ya riga mu isa zauren WhatsApp na dangi, uwargida kuma ta bugo tana tambayar nawa na sayi hular.