Sarakan Makirfo da Halayensu

A cikin masu sauraron kiɗan rok na shekarun 1970 da 1980 akwai gardamar da ba ta mutuwa: wane mawaƙi ne ya fi kowa? Za a fara ta da maganar murya, wa ya fi kai wa sama, wa ya fi jan numfashi, amma kafin shayi ya huce an bar murya an koma kan hali. Wannan ya ce nasa ya fi ƙarfin hali, wancan ya ce nasa ya fi hauka, kuma a wajensu duka biyun yabo ne. Abin haushin yana kan sauran 'yan ƙungiya. Mai jita ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗaki yana goge yatsu a kan tsirkiya, mai ganga yana can baya yana zufa babu mai ganinsa, amma hoton da samari ke liƙawa a bango na mutumin gaba ne, wanda sau da yawa ba ya riƙe da komai sai makirfo. Aikin nan ba kowa yake ja ba. Idan ka zuba musu ido za ka tarar 'yan gidaje ne kaɗan, kowane gida da irin taɓinsa.

Gida mafi girma shi ne na 'yan ƙwalisa. Ɗan wannan gida bai yarda akwai maɓalli a gaban riga ba. Robert Plant na Led Zeppelin ya yi kusan shekara goma ƙirji a waje, gashi ya zubo har kafaɗa, hannu ɗaya a ƙugu, yana kallon jama'a kallon wanda ya san an biya kuɗi don a gan shi. Mick Jagger kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya ma balle a ƙare masa kallo. Mahaifinsa malamin motsa jiki ne, shi kuma ya bar karatun tattalin arziki a Landan ya kama waƙa, sai ya haɗa gadon biyu: gudu a dandamali da lissafin kuɗi a bayan fage. A 1975 ya taɓa cewa gara ya mutu da ya kai shekara 45 yana rera "Satisfaction". A 2024 yana da 80 yana zagaya Amurka yana rera ta, bayan an yi masa aikin zuciya a 2019. Bakin matashi ba ya tuna cewa tsufa na tafe.

Sarkin gidan dai Freddie Mercury ne, kuma a nan ko masu gardama sukan yi shiru. An haife shi a Zanzibar a 1946, sunansa na yanka Farrokh Bulsara, iyayensa suka yi hijira zuwa Ingila a 1964 lokacin juyin juya halin tsibirin. Haƙoransa na gaba sun turo saboda yana da ƙarin guda huɗu, ya ƙi a gyara don tsoron kada muryar ta canza. Mutum mai son a kalle shi har haka, amma da aka zo zaɓi tsakanin kyan baki da murya ya zaɓi murya. Wannan kaɗai ya raba shi da sauran 'yan gidan. Ranar 13 ga Yuli 1985, a wasan Live Aid a filin Wembley, an ba ƙungiyarsa ta Queen minti 20 da 'yan kai. A tsakiyar lokacin ya dakatar da kiɗa, ya ja wani sauti marar ma'ana ko ɗaya, mutum 72,000 suka amsa masa. Ya ƙara ja, suka ƙara amsawa. Duk wanda ya san aikin mai ba da waƙa da 'yan amshi ya san abin da ya faru a wurin, sai dai ba kowa ke samun 'yan amshi masu cika filin ƙwallo ba tare da an yi gwaji ko sau ɗaya ba.

Sai gidan masu ƙara. Waɗannan Allah ya ba su maƙogwaro, su kuma suka rantse sai sun ga ƙarshensa. Ian Gillan na Deep Purple, Rob Halford na Judas Priest, Steven Tyler na Aerosmith da tsummokaransa da yake ɗaurawa a sandar makirfo. Masoyinsu ba ya jin waƙa daga farko. Yana zaune yana jiran daƙiƙar da za a tsala ihun, ya ɗaga yatsa ya ce maka ka saurara, ga shi nan tafe. Matsalar gidan ita ce ihun da mutum ya yi yana ɗan shekara 25 shi ake so ya maimaita yana da 70, kuma kowa na riƙe da waya yana ɗauka don ya je gida ya gwada da faifan 1972. Gillan ya yi wayo, ya ajiye "Child in Time" tun shekaru da dama ya ce ya gama da ita. Tyler ya ci gaba har maƙogwaronsa ya samu karaya a 2023, a watan Agustan 2024 ƙungiyar ta sanar da daina yawon wasa. Halford shi ba murya ce ta ci amanarsa ba, babur ne. Al'adarsa ce ya shigo dandamali a kan Harley-Davidson, a Toronto a 1991 hayaƙi ya rufe masa ido ya yi karo da dakalin ganga ya faɗi a sume. Da ya farfaɗo ya ƙarasa wasan.

Akwai kuma dodanni, waɗanda iyaye a Amurka suka yi ta kai ƙara coci a kansu. Sirrin wannan gida shi ne yawancin abin tsoron da aka san su da shi kuskure ne. Alice Cooper, ɗan fasto ne haifaffen Detroit. A Toronto a 1969 kaza ta tsinci kanta a dandamali, shi kuma ɗan birni da bai taɓa kiwo ba ya ga fukafukai ya ɗauka za ta tashi, sai ya cilla ta sama. Ta faɗa cikin jama'a, ba ta fito da rai ba. Jaridu suka ƙara gishiri, sunansa ya yi tashe. Mutumin da ake sare wa kai na wasa kowane dare, yana yawo da maciji a wuya, da safe filin golf yake tafiya. Ozzy Osbourne kuwa, wanda ya taɓa aiki a mayanka a Birmingham kafin Black Sabbath, a Janairun 1982 a Des Moines wani ya jefo jemage dandamali, ya ɗauka na roba ne, ya gartsa masa cizo a kai. Sakamakonsa allurar ciwon haukan kare. Shekara 20 bayan haka gidan talabijin na MTV ya shiga gidansa da kyamara, duniya ta ga dodon nata dattijo ne mai jan ƙafa da ya kasa sarrafa rimot, karnuka na ɓata masa kafet. Wasansa na ƙarshe a zaune ya yi shi a kan karaga a filin Villa Park ranar 5 ga Yuli 2025, ya rasu ranar 22 ga watan. Hatta alamar ƙaho da ake yi da yatsu biyu, wadda aka ce ta shaiɗan ce, Ronnie James Dio da ya yaɗa ta ya ce wurin kakarsa 'yar Italiya ya gani, tana yi don kariya daga kambun baka.

Gidan makara mutum ɗaya ya cika shi. Axl Rose na Guns N' Roses a da yakan bar dubban mutane a tsaye awa ɗaya, awa biyu, wani lokaci fiye, sannan ya fito ransa a ɓace kamar su suka makara. A Yulin 1991 kusa da St. Louis ya hango wani da kyamara, ya yi tsalle cikin jama'a don ya ƙwace, ya dawo ya buga makirfo da ƙasa ya tafi. Aka farfasa wurin. A Montreal a Agustan 1992 wutar wasa ta ƙona James Hetfield na Metallica, aka katse wasansu, jama'a suka zauna jiran Axl ya share musu hawaye. Ya zo a makare, ya yi 'yan waƙoƙi, ya ce maƙogwaro na ciwo, ya sauka. Aka sake farfasa wuri. Faifan "Chinese Democracy" ma haka: sabbin waƙoƙinsu na baya sun fito a 1991, shi sai 2008, bayan an kashe sama da dala miliyan 13 kuma duk abokan farko sun watse. Masoyinsa na da amsa ɗaya ga duk wannan, wai ai idan ya zo ɗin ba ka da ta cewa. Abin takaicin shi ne, a faifansu na 1987 da gaskiyarsa.

Wanda nake tausayi shi ne magaji, mawaƙin da aka ɗauko bayan na farko ya mutu ko an kore shi. Halinsa halin amaryar da ta tare a gidan da uwargida ta rasu: ko ta fi iya girki, 'ya'yan gida za su ce miyar marigayiya daban ce. Bon Scott na AC/DC ya rasu a Landan a Fabrairun 1980. Aka ɗauko Brian Johnson daga yankin Newcastle, inda yake sana'ar sanya wa motoci rufi, da 'yar hularsa ta leburori. Wata biyar bayan rasuwar suka fitar da "Back in Black", wanda ake ƙiyasin an sayar da kusan miliyan 50. Ya yi sama da shekara 40 a ƙungiyar, Scott bai cika shida ba, amma har gobe akwai masu kiransa sabon mawaƙi. Su kuma sun manta Scott ɗin ma magaji ne, wani Dave Evans ya gada a 1974. Sammy Hagar ya karɓi Van Halen daga David Lee Roth a 1985, ya yi faifai huɗu da su, duka huɗun suka hau lamba ɗaya a Amurka, abin da ba a taɓa samu ba zamanin Roth. Bai hana rabin masoya ɗaure fuska ba. Gary Cherone da ya zo bayansa a faifan 1998, ɓangarorin biyu suka haɗa kai a karon farko don su ƙi shi. Journey kuwa da suka rasa mai muryar Steve Perry, a YouTube suka tsinci Arnel Pineda yana waƙa a gidajen rawa na Manila a 2007. Abin dariya, da kunnen Brian Johnson ya samu matsala a 2016, wanda AC/DC suka kira ya ƙarasa musu yawon shi ne Axl Rose, kuma a matsayinsa na ɗan aro bai makara ba.

Wasu kuma waƙar kamar aikin wucin gadi suka ɗauke ta. Bruce Dickinson na Iron Maiden ya taɓa zama matuƙin jirgin fasinja da lasisinsa, ya yi aiki da kamfanin Astraeus, a 2008 shi ya riƙa tuƙa Boeing 757 ɗin da ke ɗauke da ƙungiyar da kayanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ya sauka ya hau dandamali. Yana wasan takobi kuma. Roger Daltrey na The Who, mai wulwula makirfo da igiyarsa a sama, tafkunan kiwon kifi ya haƙa a Sussex. Roth ya koyi aikin motar ɗaukar marasa lafiya a New York. Hagar ya sayar da kashi 80 cikin 100 na kamfanin barasarsa a 2007 kan dala miliyan 80, wato masu cewa bai kai Roth ba suna iya ci gaba da faɗa. Plant ma da ya girma gidan nan ya koma: ya je bikin kiɗan hamada a Essakane ta ƙasar Mali a 2003 ya zauna da masu jitar Buzaye, kuma bayan Led Zeppelin sun yi wasan dare ɗaya a Landan a 2007 aka yi ta lallashinsa a zagaya duniya, ya ce a'a, yana da faifai da Alison Krauss.

Lemmy na Motörhead shi kaɗai ne a gidansu, kuma babu mai neman shiga. Yakan kafa makirfo sama da kansa ya ɗaga haɓa ya yi gurnani a ciki. Daga 1975 har rasuwarsa a Disambar 2015 bai canza murya ba, bai canza riga ba, babu wanda ya taɓa cewa ya lalace da tsufa tunda tun farko a haka aka same shi.

Saura mutumin da ake mantawa a kowace gardama, wanda ya iya waƙa kawai. Paul Rodgers na Free da Bad Company. Ka tambayi mawaƙan kansu wa suke girmamawa, sunansa ke yawan fitowa. Deep Purple sun neme shi a 1973 ya gaji Gillan, ya ƙi. Queen sun yi yawo da shi daga 2005 zuwa 2008 ba tare da ya gwada kwaikwayon Freddie ba. Bai ciji jemage ba, bai jefa kaza ba, ba a farfasa fili saboda shi ba, yana zuwa a kan lokaci ya rera daidai ya koma gida. Ni da za a ba ni kujerar alƙali shi zan ba, kuma na san babu wanda zai tafa. Bad Company sun fitar da faifan farko a 1974, sai 2025 aka shigar da su zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame. Guns N' Roses an shigar da su tun 2012, Axl ya rubuta wasiƙa ya ce ba ya so, kuma ba zai zo ba.