Babbar Riga a Blender

Da alama Ton Roosendaal, mutumin Holan da ya ƙirƙiro Blender, bai taɓa ganin dattijon Icirnawa cikin babbar riga ba. Tun 2002 aka sakar wa kowa manhajar, amma sanya wa mutum-mutuminka riga, ka ce ya ɗaga hannu ya yi gaisuwa: sai gwiwar hannu ta huda yadin ta leƙo, ba ko sallama. Kunna wa jikin maɓallin Collision, rigar kuma Cloth, su shirya.

In ka kai aikin Matamaye a filash, fuskar dattijo ta rine ruwan hoda, kada ka nemi mai ruƙiyya. Hotunan fatarsa ka baro a kwamfutar gida. Danna Pack Resources kafin ka hau kabu-kabu.